In Bar Aiki In Kama Kasuwa?

Ranar Alhamis ce, kasuwar Dole ta cika ta batse. Ga wani malamin makaranta ya ratso ta wajen masu hatsi yana neman wanda zai ba shi gero tiya biyar bashi, gama wata ya yi nisa, albashi kuwa shiru. Yana ɗaga ido sai ya ga wani wanda suka zauna aji ɗaya tun suna yara, wanda ko takardar gama makaranta bai samu ba, yana tsaye a bakin sito yana ƙirga buhunan da 'yan dako su ke saukewa daga mota. Suka gaisa. Ɗan kasuwan ya ce, "Mushe, ina aiki?" Malam ya ce, "Aiki da godiya, Alhaji." Amma godiyar a baki ta tsaya. Da ya koma gida bai ji daɗin tuwo ba. Ya kwanta yana ta juyi, yana cewa a ransa, "Shekara goma sha biyu ina shaƙar alli. Me na ajiye? In bar aikin nan in kama kasuwa?"

Ya mai karatu, ban faɗi sunan malamin nan ba, domin ba shi kaɗai ba ne. Akwai irinsa a asibiti, akwai a gidan waya, akwai a kantunan Zango, akwai a cikin masu tuƙa motar wani. Watakila kai ma tambayar nan ta taɓa hana ka barci. In haka ne, zo mu zauna mu duba ta tare a hankali.

In ka kai maganar wurin mutane za ka sami amsa biyu, kowace da karin maganarta. Tsofaffi za su ce maka ƙwai a baki ya fi kaza a akurki, kuma ba a zubar da ruwan tulu don an ga hadari. Abokanka za su ce zomo ba ya kamuwa daga zaune. Dukansu gaskiya suka faɗa, shi ya sa karin magana ba zai yanke maka wannan shari'a ba. Tsofaffi suna tsammani albashi shi ne tudun mun tsira. Abokai suna tsammani kasuwa ce. Bari mu tambayi garinmu, gama Damagaram ta ga duka biyu.

A zamanin Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, Damagaram babbar ƙofa ce tsakanin Kano da hamada. Ayari ya kan taso daga Tarabulus, ya biyo ta Agadas, ya sauka a Zango a bayan ganuwar Birni, ɗauke da yadi da takarda da sukari da bindigogi. Ya kan koma arewa da fatu da gashin jimina da hauren giwa, har da bayi, abin da ba za mu ɓoye ba. Wanda ya ga attajiran Zango a lokacin nan sai ya ce arzikinsu ba shi da ranar ƙarewa. Babba a cikinsu a ƙarshen ƙarnin nan shi ne Malam Yaro, wanda hulɗarsa ta kai Kano ta kai Tarabulus. Faransawa suka ci garin a 1899. A 1906 suka ce an ƙulla musu makirci, suka tuɓe Sarki Amadu ɗan Basa suka kai shi Kodebuwa, Malam Yaro ma suka kama shi. Ba a daɗe ba, a 1911, hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano daga bakin teku, a shekarar nan kuma Italiya ta kai yaƙi Tarabulus. Kayan da raƙumi ya ke shafe watanni yana ɗaukowa sai ga su ta kudu, da araha. Hanyar hamada ta mutu, masu jari a kanta kuwa ba wanda ya shawarce su.

Bayanta gyaɗa ta ɗauki kasuwa. A ƙasar Magariya da Matamaye mutane da yawa suka yi arziki suna saye wa kamfanonin Turawa, daga 1962 kuma suna saye wa SONARA. Sai fari ya zo a 1973, cuta ta bi gyaɗa a 1975, tarin buhunan da a ke gani a wurin awo ya ɓace. Waɗanda suka juya zuwa cinikin kan iyaka kuma, a watan Afrilu na 1984 Nijeriya ta rufe iyakarta, ta sake takardun naira a cikin 'yan kwanaki. Mutumin da ya kwana da akwati cike da naira a wannan gefe ya tashi da takardun banza. Ba a buɗe iyakar ba sai 1986. An sake rufe ta daga 2019 zuwa ƙarshen 2020, an kuma sake a 2023. Wanda cinikinsa ya rataya a kan hanyar Kano ya san abin da na ke faɗi.

To, ashe tsofaffi sun yi gaskiya ke nan? Dakata tukuna. Zinder ce babban birnin Nijar har 1926, sa'an nan aka kwashe mulki aka kai Yamai, aiki da yawa ya bi shi. A 1990 babban bankin gwamnati, BDRN, ya rushe. A shekarun da suka biyo baya ma'aikatan gwamnati sun ga abin da iyayensu ba su taɓa zato ba: wata ya mutu, wani ya kama, wani kuma ya mutu, ba albashi. A watan Janairu na 1994 aka karya darajar sefa, faran ɗaya na Faransa da a ke saye sefa 50 ya koma 100. Albashi bai ninka ba, amma kuɗin magani da na kayan waje ya tashi. Malaman kwantiragi kuwa sun sha zaman jiran 'yan kuɗinsu wata da watanni.

Ga abin da na ke so ka gani. In tsira daga asara ka ke nema, babu ita a ofis, babu ita a kasuwa. Saboda haka kada ka ɓata dare kana auna wanne ne ba ya faɗuwa. Akwai waɗansu tambayoyi da suka fi wannan nauyi, kuma ba wanda zai iya amsa su sai kai.

Me ya sa ka ke so ka fita?

Kada ka yi saurin amsawa. Zuciya ta iya yi wa mai ita ƙarya. Malaminmu zai ce don iyalinsa ne. Amma yaushe tunanin ya zo masa? Ba ranar da ɗansa ya yi zazzaɓi ba. Ranar da ya ga tsohon abokinsa yana ƙirga buhuna ne. Sunan wannan ƙyashi, ko da an sa masa babbar riga. Ƙyashi kuwa mugun mashawarci ne, gama yana nuna maka buhunan da a ke saukewa, ba ya nuna maka na wane ne. Watakila rabinsu na wani attajiri ne a Kano ko Maraɗi, wanda zai aiko neman kuɗinsa ranar Asabar. Ka ga motar Alhaji ɗaya. Ba ka ga mutum tara da suka fara tare da shi ba, domin wanda ya karye ba ya tsayawa a bakin hanya a gan shi. Ya koma ƙauye, ko ya tafi ci-rani, ko yana kwance a ɗaka yana ce wa yara su ce ba ya nan.

Wani kuma fushi ne. Shugabansa ya ci masa mutunci a gaban mutane, sai ya ce, "Na gaji da zaman bara. Zan zama ubangidan kaina." Na ji maganar nan sau da yawa, ta kan ba ni dariya, ta kan kuma ba ni tausayi. Ɗan'uwa, a ofis ubangidanka ɗaya ne, kuma yana tashi aiki da yamma. A kasuwa kowane mai saye ubangidanka ne. Tsohuwar da za ta sa ka sauko da turmin atamfa bakwai ta tafi ba ta sayi ko ɗaya ba, ita ma sai ka yi mata murmushi ka ce ta gaida gida. Ga mai rumfa yana jiran haya, ga masu patanti da lanho, ga 'yan duwan a hanya, ga wanda ya ba ka kaya lamuni. Ba hutun ƙarshen mako, ba fansho, ranar da ka kwanta ciwo kuwa rumfa ta kwanta tare da kai. Akwai 'yanci a sana'ar kai, ban musa ba. Amma 'yancin zaɓen nauyin da za ka ɗauka ne, ba na zama ba kaya a ka ba.

Akwai kuwa dalilai masu kyau, kada a ce na rufe ƙofa. Mutum ya kan ga albashinsa ba ya kai ranar 15 ga wata, shekara da shekaru, yana kuwa da sana'a a hannu wadda ya gada ko ya koya, ɗinki ko dukanci ko gyaran babur, har mutane suna biyo shi gida da aiki. Irin wannan in ya zauna don tsoro kawai, ya binne baiwar da aka ba shi, kuma zamansa ba tawali'u ba ne. Wani kuma aikinsa ya kai inda ba ya yiwuwa sai da ƙarya: a ce ya sa hannu a kan kayan da ba su zo ba, ko ya karɓi na goro ya miƙa sama. In ya yi magana ba a ji ba, fita ta fi masa. Sai dai in don gudun ƙarya za ka fita, ka sani kasuwa ma tana da tata. Akwai tiyar da aka bubbuga gindinta, akwai tsakuwa a cikin wake, akwai rantsuwa a kan kuɗin da ba haka aka saya ba. Wanda bai iya cewa a'a yana da albashi a bayansa ba, da wuya ya iya ranar da tuwon dare ya rataya a kan ciniki ɗaya.

Da me za ka fita?

Mutanen dā ba su san mutum ya kwana ma'aikaci ya tashi attajiri ba. Yaro ya kan shiga hannun ubangida ya zama baransa. Ya yi shekaru yana ɗaure kaya, yana bin ayari, yana kwana a gidan fatoma, yana ganin yadda a ke taya kaya da yadda a ke sallamawa, yana koyon wane ne a ke ba bashi, wane ne kuwa a ke ba haƙuri. In ubangida ya ga ya ƙware, kuma bai taɓa kama shi da cin amana ba, sai ya yaye shi, ya ba shi ɗan jari ko kaya lamuni, ya gaya wa abokan cinikinsa, "Wannan yarona ne." Wani Bafaranshe mai bincike, Emmanuel Grégoire, ya rubuta littafi a kan Alhazan Maraɗi a 1986, ya nuna yawancinsu ta irin wannan hanya suka taso. Abin da yaron nan ya fita da shi ba kuɗi ba ne da farko. Sani ne, da suna.

Gwamnati ta taɓa gwada wata hanya. A 1987 aka kafa wani shiri mai suna PAIPCE, domin a rage yawan ma'aikata. Wanda ya yarda ya bar aiki da kansa sai a ba shi kuɗi a dunƙule ya je ya kafa sana'a. Waɗansu sun tsaya da ƙafafunsu. Amma da yawa kuɗin ya narke a hannunsu, aikin kuma ba komawa. Ba don su wawaye ne ba. Mutane ne masu ilimi, sun iya rubuta rahoto, sun iya lissafi a kan allo. Abin da ba su da shi shi ne shekarun nan na zaman bara. Sun shiga kasuwa da kuɗi, kasuwa kuwa ta daɗe da sanin yadda a ke karɓar kuɗi daga hannun baƙo.

Saboda haka ka tambayi kanka: sana'ar nan da na ke so in shiga, na taɓa yinta da hannuna? Wa ya san ni a cikinta? In na je Kano ba kuɗi, akwai wanda zai ba ni kaya ya ce in kawo in na sayar? In ba ka da amsa, ba ka shirya ba, ko nawa ne a aljihunka. Kuma ka lura da wannan: in ka ga kowa a unguwa ya buɗe shagon cajin waya, ko ya sayi babur ya ba yaro kabu-kabu, ko ya jera kwalaben mai a bakin hanya, ba alama ce ta riba ba. Alama ce an riga an raba ribar.

Wa zai biya in ka faɗi?

A nan ne maganar ta zama ta gaskiya da ƙarya, ta wuce ta dabara. Mutum ya kan ce, "Raina ne, kuɗina ne, in na faɗi ni na faɗi." Haka ne in kai gwauro ne mai tabarma ɗaya. Amma albashin magidanci a ƙasarmu ba nasa ba ne shi kaɗai. Tun bai fito ba an riga an raba shi: ga cefane, ga kuɗin ruwa, wanda duk mutumin Damagaram ya san tsadarsa da rani, ga maganin tsohuwa a ƙauye, ga ƙane a makaranta, ga marayun yayanka. Ranar da ka ajiye aiki ka sa abincin mutanen nan duka a faifai ka kai kasuwa. Mai yiwuwa ne ya dawo ninki biyu. Mai yiwuwa ne kuma faifan ya dawo wayam. Ko kana da iko ka yi haka ba tare da sun sani ba?

Ban ce sai kowa ya yarda ba. In ka jira yardar dangi duka, har ka tsufa ba ka motsa ba. Amma akwai mutum ɗaya wadda ba daidai ba ne ta ji labari a bakin maƙwabta, wato matarka. Maza da yawa suna ɓoye wa matansu irin wannan shawara, suna cewa mace ba ta san kasuwa ba. Abin mamaki! Matar da ta ke soya ƙuli-ƙuli tana fid da mai, ko ta ke dama fura yara suna kai talla, tana zuba adashi duk mako ba fashi, ta fi mai digiri sanin bambancin uwar kuɗi da riba. Ta san in ta ci uwa yau, gobe ba suya. Zauna da ita. Gaya mata abin da ke hannunka da abin da a ke binka, kada ka rage ko dala. In ka ji kunyar faɗa mata wani sashi na shirin, to, sashin nan shi ne ruɓaɓɓen.

Ku yi lissafi tare, a rubuce. A ce gidanka yana cin jika 90 a wata. A ce kuma ka tara jika 600, kana kiransu jari. Sabuwar sana'a ba ta ciyad da mai ita tun ranar farko, ciki kuwa ba ya jira. In ta yi wata 4 ba ta kawo kome ba, gida ya cinye jika 360. Ashe jarinka jika 240 ne, ba 600 ba. Daga ciki kuma za ka biya haya da patanti. Sa'an nan ga abin da ba a rubutawa a littattafan ciniki: ranar da ka buɗe kanti, dangi da abokai za su ce Allah ya buɗa maka. Kawu zai aiko a ba shi sukari a rubuta. Abokin aikinka na dā zai ɗauki shinkafa sai ƙarshen wata. Dā kana iya cewa albashi bai fito ba, kowa ya gane. Yanzu kaya suna jere a gabansu, me za ka ce? Kantuna da yawa ba ɓarawo ne ya kashe su ba, kunya ce. In ba za ka iya duban kawunka ka ce, "Kawu, wannan ba nawa ba ne, na kasuwa ne, amma ga abin da zan iya ba ka daga aljihuna," to, ka san kanka tun yanzu.

Bashi kuma fa? An ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Gaskiya ne, ciniki ba ya tafiya sai da shi. Amma akwai bambanci tsakanin wanda ya ba ka da saninsa cewa kasuwa ta kan ci ta kan faɗi, da gwauruwar da ta miƙo maka kuɗin akuyarta domin ka ce mata riba tabbas ce. Kada ka ce wa kowa tabbas. Gonar gado kuma, wadda ta ke ta ku da 'yan'uwanka, ba jarinka ba ce.

Wani zai ce, "Duk wannan lissafi rashin dogara ne. Allah ne mai bayarwa." Lalle shi ne mai bayarwa, ba albashi ba, ba kasuwa ba. Amma manomin da ya dogara ga Allah ba ya shuka a watan Janairu a kan tudu ya ce ruwa zai zo. Yana jiran damina, yana zaɓen iri, yana ajiye na ci dabam da na shuka. Wanda ya ba ka rai shi ya ba ka hankali. Sau da yawa abin da mu ke kira dogara gaggawa ce kawai, muna so in ta ɓaci mu ce ƙaddara.

Taura biyu

Yanzu na zo kan hanyar da mutane suka fi bi, wadda kuma ba a cika yin maganarta ba. Mutum ya ce, "Ba zan bar aiki ba, ba kuwa zan bar kasuwa ba." Sunansa yana cikin takardar albashi, jikinsa yana rumfa. Ya leƙa ofis da safe ya rataye hula ko ya bar tabarau a kan tebur don a ce yana nan, ya zame. Malam ya rubuta darasi a allo, ya ce wa babban yaro ya rubuta sunan masu surutu, ya hau babur ya tafi duba kaya. Ma'aikacin asibiti ya ce wa majiyyaci magani ya ƙare, amma akwai a wani shago, bai kuwa faɗa masa shagon na wane ne ba. Mutane suna kiran wannan wayo. Har a kan yaba wa mai yinsa, a ce ya san inda ke masa ciwo.

Ni kuwa na ce da wannan gara wanda ya fita gaba ɗaya ya faɗi. Wanda ya fita ya sa nasa a faifai. Wannan kuwa ya sa na waɗansu, waɗanda ba su sani ba, ba su kuma da bakin magana: yara sittin da za su kai aji shida ba su iya karanta sunansu ba, da matar da ta taso tun asuba daga ƙauye a kan amalanke ta tarar da ƙofa a rufe. Ribar rumfarsa daga aljihunsu ta fito. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. In albashi kaɗan ne, kaɗan ne, a nemi ƙari ta hanyar da ta dace. In an yi wata uku ba a biya ka ba, an zalunce ka, ban rage kome daga wannan ba. Amma ba yaran ne suka riƙe maka kuɗi ba.

Akwai hanyar haɗa biyun da gaskiya, ita ce ma na fi ba mutum shawara ya fara da ita. Lokacin da aka saya daga gare ka, ka ba da shi cif. Wanda ya rage naka ne: yamma, da ranakun hutu, ga malami kuma dogon hutun damina. Ka duba abin da dokar aikinka ta yarda da shi, kada ka yi a ɓoye. Gwada sana'ar ƙarama a lokacin nan, da kuɗin da in sun ɓace gida ba zai kwana da yunwa ba. Tumaki biyu na turka kafin Layya, ko ɗan lambu wajen Miriya, ko keken ɗinki a zaure. Ka riƙa rubuta kome, har ladan wahalarka. Bayan shekara littafin zai gaya maka abin da abokai ba za su gaya maka ba. In sana'ar ta girma har ta fara cin lokacin da ba naka ba, ranar zaɓe ta zo ke nan, sai ka saki ɗaya.

In kuwa ka tashi fita, fita ta ƙofa. Ka ba da sanarwa a kan lokaci, ka miƙa mabuɗi da littattafai cikakku, ka nuna wa wanda zai gaje ka inda kome ya ke. In yaron kanti ne kai, kada ka yi wata shida kana raɗa wa masu sayen ubangidanka cewa ka kusa buɗe naka, kada kuma jarinka ya fito daga aljihun teburinsa. Je ka same shi ka ce, "Maigida, ina so ka sallame ni." Watakila ransa ya ɓaci kwana biyu. Amma garin nan ƙarami ne, kuma ranar da za ka nemi kaya lamuni, shi za a tambaya ko kai wane ne.

Malaminmu dai bai rubuta takardar barin aiki ba a daren nan. Da gari ya waye ya gaya wa matarsa abin da ya hana shi barci. Ta yi shiru, sa'an nan ta tambaye shi nawa a ke sayen buhun gero a ƙauye da kaka, nawa ne kuɗin mota, nawa ne na ɗan dako, kuma tiya nawa ke raguwa in buhu ya yi wata biyar a sito. Bai san ko ɗaya ba. Da aka ba da hutun damina sai ya koma kasuwar Dole, ya sami abokin nan nasa ya ce, "Alhaji, ina so in zauna wurinka wata uku, ba don ka biya ni ba. In riƙe maka littafi, in ga yadda a ke yi." Alhaji ya yi dariya ya ce, "Mushe, kai da ka ke da albashi?" Da ya ga da gaske ya ke, sai ya jawo wani tsohon littafi daga ƙarƙashin tabarma, ya kaɗe ƙura ya miƙa masa. Ya ce, "To, fara da wannan. Sunayen waɗanda na ke bi ne. Na waɗanda su ke bina yana gida, gobe na kawo maka."